Mai Ɗori a Bakin Ƙofa

Shekara talatin ina ɗori a Aliero.
Ƙafar ɗan acaɓa, hannun wanda ya faɗo daga giginya,
in ja, in murɗa, in jera kara in ɗaure.
Wanda ya yi ihu in ce ya ciji gefen rigarsa.
"Daure." Maganin zafin da na gada ke nan,
kalma ɗaya, kuma kyauta nake ba da ita.

Sai ga Almu, autana, ɗan shekara shida.
Babu karaya, babu targaɗe,
ɓargon da ke ciki ne ya juya masa baya.
Na bi jikinsa da hannu daga wuya har diddige
ban sami wurin kamawa ba.
A Birnin Kebbi aka raɗa wa abin suna: sankarar jini.

Karon farko ba a sa shi barci ba.
Ko maganin ne ya yanke, ko aljihuna,
ba na son tunawa.
Aka ce a riƙe shi.
To, wa ya fi ni iya riƙo?
Na lanƙwasa shi, gwiwa ta taɓa haɓa,
allura mai tsawon yatsana
ta nemi hanya tsakanin ƙasusuwan bayansa.
Bai kira uwarsa ba. Ni ya kira,
ni da ke danne da shi.
Na buɗe baki in ce daure,
kalmar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Kwana tara bai yarda na zauna a bayansa ba.

Kafin karo na biyu buhun albasa huɗu sun bar rumfata.
Tun tsakar dare aka hana shi abinci.
Sista Rifkatu, 'yar Zuru,
ta shafa masa wani farin mai a bayan hannu,
ta rufe da filasta, ta ce a jira fata ta yi barci tukuna.
Ashe fata ma tana da nata barcin.
Ta maƙala masa wani abu mai jar wuta a yatsa,
ta ce, "Riƙe mini tocilan nan.
Awaki nawa ne a gidanku? Faɗa mini su da suna."
Ya ce Ja.
Ya ce Mai Ƙaho Ɗaya.
Farin ruwa kamar madara ya bi siririyar roba.
Ya ce Kyalla, harshen ya yi nauyi,
hannun da ya damƙe rigata ya saki da kansa.

Aka ce in fita.

Benci, bango, da hannuwa biyu da ba su da aikin yi.
Barci ƙanen mutuwa ne, haka muka taso muna ji,
ga shi yau na biya kuɗi an kira ƙanen.
Ta bayan ƙofa na'ura tana ƙirga zuciyarsa,
ina bin ta da carbi,
in ta yi jinkiri ni ma yatsana ya tsaya.

Da ya buɗe ido sai ya dube ni kamar ni biyu ne.
"Baba, yaushe za a fara?"
Can kuma: "Saura Baƙa. Ban faɗi Baƙa ba."
Sannan ya nemi ƙosai.

Ban ce ya warke ba.
Gashi ya zube, takarda cike take da ranakun komawa,
likita ba ya alkawari, ni ma na daina tambaya.
Amma a mota, daidai Jega,
ya jingina bayansa da ƙirjina, filasta da komai.

Jiya aka kawo mini yaro, mangwaro ya kayar da shi.
Ubansa ya daka masa tsawa: namiji ba ya kuka.
Na ajiye karan.
Na ce, "Bar shi ya yi.
Ku fara kai shi a kashe masa zafin nan,
ƙashi ba zai gudu ba."